Matar da Ta Nuna Ƙofa

Daga Sa'alaba, Jidda.

Zuwa ga 'yata Rahma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan kin sauka Kano lafiya, ke da kayanki. Allah Ya tsare min ke a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen da za su ji tsoronSa a kanki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Takardar nan na cusa ta a ƙasan akwatinki, naɗe cikin wani tsohon majanyi mai ratsin shuɗi. Kada ki yar da shi don kin ga ya koɗe, za mu zo kansa. Da Hausa na rubuta, na kuwa san za ki yi ta tuntuɓe kafin ki kai ƙarshe. Ki yi. Ke da kika ce za ki zauna wata takwas cikin 'yan fim na Kano ki ƙarasa aikinki, gara ki fara tuntuɓen a kaina. Banda haka ma, maganar da ke ciki ta ƙi fita da Larabci. Na gwada sau biyu ina wanke-wanke.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce: fim ɗinki, da abin da mutane suka ce ranar Juma'ar da kika tara mu a istirahar nan ta Abhur, gidan hutun da ake haya don taro, kika nuna mana gwajinsa. Kin bi kowa da littafinki kina rubuta ra'ayinsa. Da kika zo kaina na ce miki shayi zai huce, na tashi. Na ga ranki ya ɓaci. To ga ra'ayina, ya makara amma bai lalace ba.

Bari in maimaita labarin yadda na gane shi, ki ga ko tsohuwa ta bi. An tsinci gawar wani dattijo mai wankin mota a bayan sito. Aka ɗora wa wani askar, ɗan sanda baƙar fata, binciken, don manyansa ba su ga abin ɓata lokaci a mutuwar mai wankin mota ba. Abokan aikinsa suna masa shaƙiyanci, suna kiransa da sunan nan da ba zan rubuta ba. Yana bin sawu, yana bi, har ya gano dattijon ya san wadda ta nuna ƙofar mahaifiyarsa ranar wani kamun marasa takardar zama, tun shi askar ɗin yana goye, aka kwashe ta aka mayar da ita ƙasarsu. Matar nan ce ta sa wa dattijon guba don kada ya yi magana. Da askar ya kai gare ta sai ta fita da gudu, mota ta take ta. Ba ki sa wa garin suna ba, amma duk wanda ya taɓa jin an ƙwala “askar!” a bakin lungu ya gane shi.

Alhaji Bara'u ne ya fara magana, tunda shi ne babba a dattawan unguwa. Ya gyara zama ya ce, “Yarinya, aiki ya yi kyau, amma a bar kaza cikin gashinta. Mu nan ko a ɗakin haihuwar garin nan aka yanke mana cibiya, ana kallon fatarmu kafin a kalli takardarmu. Me ya kai ki tono? In kuma dole sai kin yi, to mai nuna ƙofar nan ki mayar da ita wani baƙo. Bahaushiya ba ta yi wa 'yar'uwarta haka.” Hajiya Batula, ta Hausawan Sudan, ta sha kuka har gyalenta ya jiƙe, ta ce ke kin ma yi wa askar ɗin sauƙi, ki mayar da su duka shaiɗanu don haka ta san su. Yayanki Usama kuwa, da Larabcinsa na 'yan ƙwallo, cewa ya yi fim ɗin ya cika tafiyar hawainiya, a ƙara tseren mota, kuma shi yana da abokai askar da ba su taɓa zagin kowa ba. Aka yi ta ja-in-ja, kowa yana jan zanen ya rufe nasa ƙafafun.

Wuri ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya. Da motar nan ta take matar, ɗakin ya ɗauki tafi. Wata daga baya ta ce, “Allah Ya ƙara!” Ni ina tsaye da faranti, kofuna goma sha biyu a kai, ko ɗaya bai motsa ba. Wallahi har mamakin hannuna na yi.

Daga baya, kina shirya kaya, na leƙa littafinki. Ki yi haƙuri, uwa ce. Na ga kin ja layi biyu a ƙarƙashin shawarar Alhaji Bara'u. Wannan layin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin in na bari kika gyara fim ɗin nan yadda ya ce, na ƙara wata ƙaryar a kan waɗanda na riga na tara.

Bari in fara da ƙaramin laifina, in samu ƙarfin babban. Kin tuna kina aji uku, kika dawo kina kuka wata yarinya ta ce kada ki taɓa mata littafi za ki ɓata shi da baƙi? Me na yi? Ban je makarantar ba. Na ce ki yi kamar ba ki ji ba. Washegari na shiga kasuwa na sayo man nan mai ƙamshin lemo, na riƙa shafa miki a fuska da wuya kullum da safe, ina ce miki na kaushi ne. Ba na kaushi ba ne, Rahma, na bilicin ne. Sai da kumatunki suka yi ja suka fara saɓulewa, marigayi babanki ya ɗauki kwalbar ya wurga ta kan rufin maƙwabta, ya yi kwana biyu bai ci tuwona ba. Ni ce kuma na hana ku Hausa a titi. Da mun fito ƙofa sai in ce, “Yalla, a juya harshe.” Yau ga shi ina rubuta wa 'yata wasiƙa ina fargabar ko za ta iya karantawa.

Don haka idan wani a can ya ce ki sassauta wurin da ake zagin askar ɗin nan, wai ya yi zafi, kada ki sassauta. Na ga yadda yaron da ya fito a askar yake murmushi idan an zage shi, sannan ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke hannu. Ban san inda kika samo wannan ba, amma gaskiya ne, ki bar shi. Kuma a Kano za su yi dariyar Hausarki, za su ce miki 'yar Takari. Ki bar su su dara, ki ci gaba da magana. Kada ki ɓuya a bayan Larabci a can yadda na koya miki ɓuya a bayansa a nan.

To, ga babban.

Kina da wata biyar nonona ya ƙafe. Na yi zazzaɓi mai zafi, na tashi babu ko ɗigo. Madarar gwangwani kuma in kin sha sai ki amayar. A gidan da ke kallon namu akwai wata mata, Saude, daga wani ƙauye kusa da Ringim. Ta zo Umara da mijinta suka zauna, mijin ya rasu a wurin aikin gini, ya bar ta da jariri, Habu, wanda ya girme ki da sati uku. Gyaɗa take soyawa tana ƙullawa a leda. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, duk lungun an sani, kamar yadda aka san na wasu da dama. Ita ce ta shigo ta same ki kina tsala ihu, ba ta tambaye ni ba, ta zauna a bakin katifa ta ɗauke ki ta sa miki nono. Tun daga ranar kullum da safe nake kai mata ke. Wata biyu tana raba nononta tsakaninki da ɗanta, ko ledar shinkafa na kai mata sai mun yi faɗa kafin ta karɓa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na kai ki wurinta, na bar Usama yana barci, na fita sayen burodin tamis. Ina dawowa na tarar da bas a bakin lungu, askar sun tare gaba da baya. Iƙamata tana aljihun babanki, ya tafi da ita unguwar masana'antu don kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya sabunta mana. Na yi wa askar ɗin bayani da Larabcin da ya fi nasa tsabta. Na ce a garin nan aka haife ni, ubana da ƙafa ya zo Hajji ta Sudan, kabarinsa yana nan. Bai ɗaga murya ba, ki riƙe wannan. Mutum ne mai furfura a gefen kai, gumi ya jiƙa masa riga, da ganinsa ya gaji. Ya kalli baƙar fatar damtsena, ya ce, “Duk haka kuke cewa.” Ya nuna min bas. Na kai ƙafa ɗaya kan matakala sai ya ce, “Ko kuma ki nuna min gida ɗaya da babu takarda, ki koma ɗakinki. Halas.”

Na ɗaga hannu na nuna ƙofar Saude.

Shekara ashirin da biyar ina gaya wa kaina wai na zaci ta riga ta fice ta baya, yadda mata suke yi in an ji ihu. Ƙarya ne. Na san tana ciki, ni na kai mata ke da hannuna. Ina kuma gaya wa kaina wai don Usama na yi, yaro ɗan shekara uku shi kaɗai a ɗaki. Wannan ma rabin gaskiya ne, maƙwabta ba za su bar shi ba. Da na shiga bas ɗin nan, kwana biyu ko uku zan yi a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar, babanki ya kawo iƙama a sake ni. Tsoro ne kawai, da wani abu da ya fi tsoro muni: na ji haushin a haɗa ni da su. Ni haifaffiyar Jidda, a zuba ni bas ɗaya da 'yan Umara? A cikin ƙiftawar idon nan, yadda askar ya kalle ni haka na kalli Saude.

Suka buga ƙofa ta fito, Habu a kafaɗa, ke a goye. Ta gan ni tsaye kusa da mutumin, babu wanda ya riƙe ni. Ta gane. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta sunkuya ta kwance majanyi, ta miƙo min ke da shi gaba ɗaya, ta ce, “Karɓi 'yarki, Hajara. Ɓari ɗaya ta sha, ba ta ƙoshi ba.” Wani ƙaramin askar da ke bakin bas ya kawar da kai, ya miƙa mata gorar ruwansa. Shi ke nan. Gyaɗarta tana kan wuta, ni na shiga na sauke.

Yanzu kin san wadda aka yi wa tafi a Abhur.

Ga shawarata a kan matar fim ɗinki, kuma ba roƙo nake ba. Kada mota ta take ta. Wannan tafin da suka yi, tafin jin daɗi ne, kowa ya koma gida da zuciya fes, mugu ya mutu, saura mu mutanen kirki. Laifi tudu ne, Rahma. Ki bar ta da rai. Ki bar ta ta yi ƙiba, ta aurar da 'ya'ya, ana kiranta rabon faɗa, ana ba ta ajiyar sirri, tana zuba shayi a taro hannunta ba ya rawa. Gubar nan ma ki cire. Irinmu ba ma bukatar guba, shirun mutane ya ishe mu. Wanda ya kashe dattijon kuwa, ke kika san sana'arki, nemo shi a wani wuri. Su Hajiya Batula kuma ki ba su haƙuri, ba za ki mayar da askar duka shaiɗanu ba. Wanda ya sa ni nuna ƙofa ba shi da ƙaho, so yake ya cika bas ya je ya ci abinci, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Wanda ya ba da ruwan ma ki sa shi, Usama bai yi ƙarya ba. Amma ki nuna bas ɗin ya tashi duk da ruwan.

Saura shawarar Alhaji Bara'u, ta mayar da laifin kan baƙo. Ai mun riga mun yi wannan fim ɗin, a lungunmu, da mutum mai rai. Da ƙura ta lafa aka fara tambayar wa ya kai tsegumi, don an ga ƙofa ɗaya aka nufa kai tsaye. Waɗanda suka ga hannuna duk suna cikin bas. Sai wata ta ce ta ga mai baƙala, shagon kan kwana, yana magana da askar da safe. Bawan Allah ne da ba ya jin Hausa, mai ba yara alewa kyauta. Aka daina sayen komai a wurinsa, yara suna jifan ƙofarsa, mata suna tofar da yawu in sun wuce. Ina ji ina gani. Har ni na daina shiga, don kada a ce. Kafin shekara ya rufe shagon ya tafi, ban san inda ya nufa ba, ko sunansa na gaskiya ban sani ba balle in neme shi. Wannan alhakin ba ni da inda zan kai shi sai gaban Allah.

Saboda haka ki goge layin nan biyu da kika ja. Alhaji Bara'u mutumin kirki ne, so yake ya rufa mana asiri, amma bargon da yake so ya rufa mana da shi a jikin wani za a cire shi. Duk wanda ya ba ki ra'ayi a kan fim ɗin nan, ki saurara da ladabi, ki rubuta, sannan ki tambayi kanki ina yake tsaye ranar kamu. Wani yana cikin bas, wani yana leƙe ta taga, wani ba a haife shi ba. Kowa daga inda yake tsaye yake magana. Ni da na fi kowa sanin labarin, ni ce na ce shayi zai huce.

Akwai na ƙarshe, shi kuma har da haƙƙin addini a ciki. Ban taɓa gaya miki kina da uwar shayarwa ba. Habu ɗan'uwanki ne na nono, aure ya haramta tsakaninku, kuma na bar ki kika girma ba ki sani ba. Da kina nan ban damu ba, teku ta raba ku. Yanzu da ƙafarki kika tafi ƙasarsu. Babanki ya san da shayarwar, ya sha cewa a nemi labarin matar nan, ni nake kashe maganar. Ya rasu bai san dalili ba. Shekara goma da suka wuce wata mai aikin Hajji ta zauna a ɗakina ta ce ta ga Saude tana sayar da fura a tashar Ringim, har Sauden ta ce a gaishe da Hajara da yarinyarta. Ki ji fa. Alhazai nawa suka je suka dawo, ba ta taɓa aiko da kalma ɗaya da za ta tona ni ba. Gaisuwa ta aiko. Ni kuma na ce, “Allah sarki,” na tashi na duba tukunya.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki rana ɗaya, ba ranar aiki ba, ki sa wata babbar mace cikin mutanen gidan da kika sauka ta raka ki Ringim. Kada ki je da kyamara. Ki tambayi masu fura a tasha, ki ce Saude da ta taɓa zama Jidda, uwar Habu, doguwa, mai tsaga uku a kowane gefen baki. In an ce ta tashi, ki bi. In an ce ta rasu, ki nemi Habu, ki ce a kai ki kabarinta. Majanyin nata ne, ki mayar mata. Ban aike ki neman min gafara ba, wannan ba aikin ɗan aike ba ne. In ta yarda ta ji muryata, ki kira ni ki ba ta wayar, da bakina zan yi.

Ni ma ba zama zan yi ba. Ranar Juma'a mata suna taruwa a gidan Hajiya Batula bayan La'asar. Zan je, zan bari a zuba shayi, sannan in faɗa musu wadda ta nuna ƙofar Saude, in kuma wanke mai baƙala ko da ba ya nan ya ji. Na san abin da zai biyo baya. Wasu ba za su ƙara amsa sallamata ba, kuma mai yiwuwa auren da ake nema wa Usama ya yi tsami. Zan gaya masa kafin in je. Na auna duka, na ga ba zan bari 'yata ta riga ni faɗin gaskiya a majigi ina zaune ina tafi ba.

Abin da na fi tsoro ba su ba ne, ke ce. Ban san da wane ido za ki kalle ni bayan kin ninke takardar nan ba. In kin ji ba za ki iya kirana ba na wani lokaci, kada ki tilasta wa kanki, ba zan yi fushi ba. In ma kin ga kirana Ummi ya yi miki nauyi a baki, akwai wadda ta fi ni cancantarsa. Amma fim ɗin ki yi shi daidai. Kada ki tausaya min a ciki, kada kuma ki kashe ni don mutane su ji daɗi.

Ki kula da salla, ki kula da cikinki, yajin Kano ba irin namu ba ne. Kada ki shiga motar da ba ki san direbanta ba don kawai ya yi miki fara'a.

In Allah Ya sa kin same ta, kada ki fara da sunana. Ki durƙusa har ƙasa, ki gaishe ta gaisuwar uwa, ki bari ta dube ki da kyau, tsawonki da ƙarfinki da baƙar fatarki da ban iya gogewa ba. Sannan ki ce mata, “Inna, ni ce Rahma. Na ƙoshi.”

Allah Ya kai ki inda kika nufa lafiya, Ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da ban samu ba a bakin bas ɗin nan. Allah Ya sa ki tarar da Saude da rai, Ya saka mata da abin da ba ni da shi. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara